Jirgin da Maigidana Ya Zaɓa Mini

Sallama ga Edita da masu karatu. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan labari, domin bayan abin da yaƙi ya yi wa mutanen Khartum da Umdurman, kunya nake ji in buɗe baki in ce wasan kwamfuta ne ya taɓa jefa ni cikin wahala. Amma abin ya faru, tun kafin yaƙin, kuma har yau yana zaune a ƙirjina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan wasan.

A lokacin ban kai shekara talatin ba. Haifaffiyar Umdurman ce ni, cikin zuriyar mutanen da kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa za su hajji, hanya ta ajiye su a nan. Na yi karatun gwaje-gwajen asibiti, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a Khartum. Kullum da sassafe nakan shiga hafila, wato bas, in tsallaka gada, da la'asar in dawo a matse tsakanin mutane, kayana sun jiƙe da gumi. Aurena bai cika shekara ba maigidana ya samu aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a ɗaya daga cikin ƙasashen Tekun Fasha, ya tafi ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajiya. Mu biyu ne kawai a gidan. Hajiya tana da ciwon suga, ni nake auna jininta, ni nake yi mata allura kafin abinci. Mace ce mai sauƙin kai, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, in za ta kira ni sai ta ce "ya bitti", wato 'yata.

Watannin farko ba ma gajiya da hira a waya, ni da shi. Sannu a hankali hirar ta ƙanƙance, ta koma tambayoyin da na haddace: ya jikin Hajiya, ruwa ya zo, wuta fa? Sai ya ce ya gaji, gobe aiki. Ban zarge shi da wata mace ba, na san halinsa. Abin da na lura shi ne in muna magana ta bidiyo idonsa ba a kaina yake ba, yana gefe, wani haske mai launi-launi yana wasa a fuskarsa. Ran nan na tambaye shi me yake kallo. Sai ya juyo da wayar ya nuna mini allon kwamfutarsa: baƙin sarari cike da taurari, da wani jirgi mai kama da kan mashi yana shawagi. Ya fara bayani, ya kasa tsayawa. Ya ce wasa ne da ɗimbin mutane ke yi a lokaci guda ta intanet, kowa da matuƙinsa da jirginsa, akwai fatake, akwai mahaƙa, akwai mayaƙa da 'yan fashi. Ya ce yana cikin wata ƙungiya ta Larabawa daga ƙasashe daban-daban, kuma sun yarda da shi har yakan ja gaba in za a fita yaƙi. Rabon da in ji muryarsa da rai haka tun yana gida. Da muka ajiye waya na zauna a bakin gado ina tunani, na ce wa kaina in dai can yake zama, to can zan same shi.

Ranar hutuna na tafi Kasuwar Libiya da ke cikin Umdurman, na zagaya rumfunan masu kayan lantarki cikin rana har na samu laftof na hannu wanda mai rumfar ya rantse zai ɗauki wasan. Da na gaya wa maigidana dariya ya yi, ya ce kafin mako ya zagayo zan gaji. Da ya ga na dage sai ya ji daɗi, ya taya ni yin rajista. Kwanakin nan na farko su ne mafi daɗi da na yi tun tafiyarsa. Wasan yakan ba sabon shiga wani ɗan ƙaramin jirgi kyauta, sai ga maigidana ya baro abokansa ya zo da nasa ya tsaya kusa da nawa. Muna magana a waya, yana koya mini yadda ake juyawa, yadda ake shiga ƙofofin da ke jefa mutum daga wata tauraruwa zuwa wata. In na yi karo da wani abu sai ya fashe da dariya, ni ma in yi. Wasan yana sa sabon shiga ya ɗanɗani sana'o'i kala-kala don ya ga wadda ta dace da shi. Na gwada harbi, na gwada fatauci, na gwada haƙar duwatsu. Wanda ya kama zuciyata shi ne bincike: ka ɗauki ɗan jirgi mara nauyi, ka watsa na'urori su lalubo maka tarkacen jiragen da suka ɓace, ka je ka buɗe su da dabara. Aikin haƙuri ne da sa ido, irin wanda na saba yi a gaban madubin likita. Na gaya masa wannan nake so.

A nan ya kamata in bayyana wani abu ga wanda bai san irin waɗannan wasanni ba. Ba ka hawa jirgi don kawai ka mallake shi. Sai matuƙinka ya koyi darussan da jirgin ke buƙata, darussan kuma da agogon duniya suke tafiya, ko kana wasa ko ka kashe kwamfuta kana barci. Wani darasin kafin ka gama shan shayi ya ƙare, wani sai ya ci makonni. Ɗaya bayan ɗaya ake koyonsu, ba a haɗa biyu. Saboda haka duk hanyar da ka jera wa matuƙinka, ka rufe wa kanka sauran hanyoyin na tsawon watanni. Ni ban fahimci nauyin wannan ba sai daga baya.

Maigidana ya ce bincike abu ne mai kyau, amma aikin mutum ɗaya ne, ba ya amfanar ƙungiya. Abin da suke buƙata mahaƙa ne, masu tara ma'adinan da ake ƙera jiragen yaƙi da su. Ya ce in na yi haƙuri na bi wannan hanya, daga jirgin haƙa zan wuce zuwa babban jirgin dako, a lokacin duk inda ƙungiya za ta sai da ni, kullum muna tare. Kalmar "tare" ɗin nan ita ta rufe mini baki. Na ba shi kalmar sirrina, ya shiga da kansa ya jera darussan, ni ko karanta sunayensu ban yi ba. Sannan ya ƙara da wata magana cikin in-ina. Ya ce 'yan ƙungiyar duk maza ne, bakinsu ba linzami, ba ya son su san matarsa tana ciki. Ya riga ya gaya musu ɗan baffansa ne zai shigo. Don haka kada in yi magana da murya, rubutu kawai, shi ma in rubuta kamar namiji. Maganar ta soke ni, amma na ce to. Na fassara ta da kishi, na lallashi kaina da haka.

Daga nan aka shiga abin da har yau in na tuna sai in ji bayana ya riƙe. Jirgin haƙa wani kumburarren abu ne, mai nauyin tafiya kamar amalanken da aka yi wa lodi. Za ka kai shi gaban wani dutse da ke yawo a sarari, ka kunna masa haske mai tsotsar ma'adini, ka zauna kana kallo har cikinsa ya cika, ka koma tasha ka juye, ka dawo. Shi ke nan aikin. Ba ka isa ka tashi ba kuma, domin ɗan fashi na iya faɗowa a kowane lokaci, dole idonka yana kan allo. Maigidana kuwa yana can wani yanki mai nisa, inda jirgina ba zai rayu ba ko na ƙiftawar ido. Mayaƙa da zaurensu na magana, mu mahaƙa da namu, inda ba ka jin komai sai tarin wani da ƙarar fankar wani. Wani lokaci nakan saci jiki in shiga zaurensu in yi shiru, in ji shi yana ba da umarni da Larabci, yana raha, ana kiran sunansa ana yabonsa. Sai in ji daɗi in ji haushi a lokaci guda. Wayar da muke yi a da ita ma ta ragu, domin a ganinsa ai yanzu kullum muna wuri ɗaya.

Haka rayuwata ta koma. In dawo daga Khartum a gajiye, in yi kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen nan, da miya, in yi wa Hajiya allura, mu ci, in wanke kwanuka a tsaitsaye, in shige ɗaki. In an ɗauke wuta in zauna ina kallon batir yana sauka, kamar wani abin kirki ne zai salwanta. Idanuna suka fara yaji, a wurin aiki sai in ga lambobi suna rawa, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko ciki ne da ni. A da, bayan magariba, ni da Hajiya mukan zauna a tsakar gida a kan angarib, gadon igiyar nan, tana ba ni labarin mutanen unguwa na da. Yanzu ita kaɗai take zama. Wata rana da na fito shan ruwa ta dube ni ta ce, "Ya bitti, kina ganinsa a cikin abin nan?" Na ce ina ganinsa, Hajiya. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ki ce masa ya riƙa cin abinci." Ƙarya na yi mata. Abin da nake gani sunansa ne kawai a gefen allo, da wani ɗan ɗigo kore da ke nuna yana ciki.

Na sha roƙonsa ya bar ni in saka darussan bincike ko na 'yan kwanaki ne, in huta da duwatsu. Kullum amsar ɗaya ce: an kusa, kada in ɓata jerin, saura kaɗan jirgin dako ya buɗe. Abin da ban sani ba shi ne, don ya gajarta hanya, ya tsallake duk ƙananan darussan da ke riƙe jirgi a raye: na ƙarfin garkuwa, na saurin juyawa, na tattalin wutar inji. Ya bi hanyar da za ta ba matuƙina izinin zama a kujerar babban jirgi kawai. Ban san akwai bambanci tsakanin samun izinin hawa jirgi da iya tuƙa shi ba. Ina tsammanin shi ya sani, amma yana gaggawar ya nuna wa abokansa cewa ɗan baffansa ya zama wani abu.

Darasin ƙarshe ya kammala a daidai lokacin da ƙungiyar ta yanke shawarar yin ƙaura zuwa wani yanki. Dole a kwashe kayan da mutane suka daɗe suna tarawa, mai yi musu dako kuma ya yi tafiya. Maigidana ya ce a ba ɗan baffansa. Aka sa ranar Juma'a da rana, lokacin da kowa ke hutu. Shi zai wuce gaba da ƙaramin jirgi yana duba hanya, ni ina biye da kaya. Tun Alhamis nake murna kamar wadda za a kai biki, domin rabon da jirgina ya tashi kusa da nasa tun kwanakin farko.

Ranar an yi zafi sosai. Na gama miya, saura kisra. Hajiya ta idar da salla, na auna jininta, na yi mata allurar da ake yi dab da cin abinci. Ina rufe allurar saƙonsa ya shigo: an matso da lokaci, hanya ta yi shiru, in shigo maza kafin 'yan fashi su farga. Na tsaya da allura a hannu. Na san ƙa'ida, aikina ne, na sha faɗa wa marasa lafiya cewa in an yi wannan allura ba a jinkirta abinci. Amma na ce wa kaina tafiyar ba za ta daɗe ba. Na ce wa Hajiya ta ba ni ɗan lokaci, yanzun nan zan kawo abinci. Ta ce ba komai, ba ta ma jin yunwa. Ko dabino ban ajiye mata ba.

Ban taɓa tuƙa abu mai taurin kai irin jirgin nan ba. A kowace ƙofa sai na jira ya juya hancinsa a hankali, kamar babbar mota mai lodi tana neman kwana a cunkoson Kasuwar Umdurman. Muryar maigidana tana kunnena yana cewa in yi sauri, makirfona a kashe kamar kullum, ni kuwa babu abin da zan danna ya ƙara sauri, darussan da za su taimaka ba a koye su ba. Tafiyar da na zaci gajeriya ce ta yi ta miƙewa. Na ji Hajiya ta kira ni daga tsakar gida, na ɗaga murya na ce ina zuwa. Muka wuce wata ƙofar, da wata. Muna shiga yanki mafi haɗari, inda ya ce kada in ɗauke ido ko kaɗan, sai na ji ƙarar faɗuwar kwano, da wani sauti mai nauyi a bayansa.

Na fizge abin kunne na fita a guje. Na same ta a ƙofar kicin, kwance a gefe, jikinta sharkaf da gumi mai sanyi, leɓunanta suna rawa. Jiri ta ji, ta taso neman abin da za ta sa a baki, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Tana kallona amma ba ta gane ni ba, tana kiran sunan wata ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Hannunta na dama yana ƙarƙashinta, a lanƙwashe ta yadda hannu ba ya lanƙwashewa. Na kwaso sukari na shafa mata a cikin kumatu da yatsana, ina kiran maƙwabta da iya ƙarfina. Maƙwabcinmu ya tsayar da raksha, keken haya mai ƙafa uku, ni da matarsa muka ɗauke ta zuwa asibitin da ya fi kusa. Duk hanya kanta yana kan cinyata, wayata tana ta ruri a jaka, ko dubawa ban yi ba.

Sai da aka sa mata ruwan suga ta jijiya, ta buɗe ido ta gane ni, sannan na fita baranda na ɗaga wayar. Ko sallama ban samu yi ba. Ya ce na bar jirgi a tsaye a bakin ƙofa kamar tunkiya, 'yan fashi sun taru sun farfasa shi, kayan mutane duk sun tafi. Ya ce na kunyata shi a gaban waɗanda suke girmama shi, dama ya san bai kamata ya sa mace a harkar maza ba, wai me ya fi wannan muhimmanci da zan tashi a daidai wannan lokacin. Na bar shi ya gama, ba ni ma da ƙarfin katse shi. Da ya yi shiru na ce, "Hajiya ce ta faɗi. Muna asibiti." Can ya ce, da wata ƙaramar murya, in ba ta wayar.

A gabana Hajiya ta gaya masa ita ce ta yi sakaci, an kawo mata abinci ta ce sai anjima. Tana faɗa tana kallona, ta ɗan girgiza mini kai alamar in yi shiru. Na yi shirun. Hoto ya nuna wuyan hannunta ya karye, aka ɗaure shi da filasta. Likitan ya ce ƙashin tsoho mai suga ba ya saurin haɗewa, kuma haka aka yi. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na koma ni ce hannunta: wanka, alwala, cin abinci, komai. Laftof ɗin na rufe shi na tura ƙarƙashin gado, ban sake buɗe wasan ba.

Maigidana bai ba ni haƙuri nan da nan ba. Mun yi makonni ba mu da zance sai jikin Hajiya, kamar ma'aikatan asibiti biyu suna miƙa wa juna aiki. Daga baya shi da kansa ya ba ni labarin yadda aka ƙare da ƙungiyar. Dole ta sa ya gaya musu cewa ba ɗan baffansa ba ne, matarsa ce, kuma mahaifiyarsa ce ta faɗi. Ya zaci za su yi masa dariya. Shugabansu, wani dattijo mai jikoki, ya ce kaya dai na wasa ne, za a sake tarawa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma da ya duba darussan da matuƙina ya koya, sai ya ce ko ina zaune a gaban allo da wuya jirgin nan ya tsallake wannan ƙofa, kuma ba a ɗora sabon shiga a kan abin da ba a shirya shi ba. Ya tambaye shi me zai sa mutum ya ajiye matarsa tana haƙar dutse a ɓoye tsawon wannan lokaci.

Ni ma ina da tawa gaskiyar, na riƙe ta har ya zo hutu. Bayan ya kwana biyu da isowa, Hajiya tana barcin rana, na same shi a tsakar gida na gaya masa cewa ba a kawo mata abinci ba ranar nan, ni na yi mata allura na shige ɗaki. Na zaci zai yi faɗa, wataƙila ma faɗan nake so. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ai shi ya aiko da saƙon. Ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa a waya ba: ɗaki ɗaya yake kwana da wasu mazaje da ba ya jin yarensu, yini yake a kan rufin gidajen mutane cikin rana, masu gidan ko sunansa ba sa tambaya. A cikin wasan ne kawai ake jiran ya iso kafin a fara abu. Da na shigo sai ya rasa inda zai ajiye ni, yana so in kasance kusa, yana kuma tsoron in taɓa wurin nan ɗaya da yake jin shi ma wani ne. Ni kuma na gaya masa ban taɓa son dutse ko jirgin dako ba, shi na zo nema. Ya ce me ya sa ban faɗa ba. Na ce me ya sa bai tambaya ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Aurenmu yana nan, ya rage wasan, yanzu in ya kira yakan dube ni. Amma akwai maganganun da na ji ina tsaye a barandar asibitin nan da na kasa mantawa, shi ma na san abin da yake tunawa in ya ga hannun mahaifiyarsa. Daga baya yaƙi ya fitar da ni da Hajiya daga Umdurman, muka bar gidan da abin da ke ciki, yanzu muna zaune wurin dangi a wani gari.

Ban rubuto don in ce waɗannan wasanni sharri ne ba, na ga mutanen kirki a ciki. Amma duk wanda zai shiga, namiji ko mace, ina roƙonsa kada ya bar wani ya zaɓa masa jirgi ko ya jera masa darussa, ko da wanda ya fi so ne a duniya. Ya daɗe a ƙaramin jirgi, ya koyi ƙananan abubuwan da ke riƙe shi a raye, ya bi sana'ar da yake jin daɗinta, domin watanninsa ne za su tafi a ciki, ba na wanda ya ba shi shawara ba. Kada ya karɓi kayan mutane don a yabi wani. In kuma akwai tsoho ko mara lafiya a hannunsa, kada ya fara tafiyar da ba zai iya tashi ya bari ba in an kira shi. Matan da mazajensu ke ƙasar waje kuma, in kewa ce ke damunki, ki faɗa masa kewa ce, ko da zai yi miki dariya. Ni na zaɓi in yi shiru in zagaya, kuma ba ni ce na ɗauki mafi nauyin sakamakon ba.

Hannun Hajiya ya haɗe a karkace, kafaɗar ma ta sandare, ba ya ɗaguwa sama da ƙirjinta. Kowace safiya ni nake naɗa mata tobi, lafayar da matan nan ke sawa, in ɗaga gefen in jefa mata a kafaɗa. In na gama sai ta dafa hannuna da mai lafiyar ta ce Allah ya yi mini albarka. Ba ta taɓa tayar da zancen Juma'ar nan ba. Sau da yawa nakan ce a raina, da ma ko sau ɗaya ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙin amsa amin.